Labbo Mai Ganin Rabin Fim

Sunana Zakariya, direban bas ɗin haya da ake ce wa kiya-kiya, haifaffen Sabon Garin Gusau. Aikin reluwe ne ya kawo babana daga kudancin Zariya, ni kuwa na tashi na ga ƙarfen jirgi bai yi mini ba, na kama sitiyari. Hanyar Gusau zuwa Tsafe ita ce gonata, kuma a kanta na san Labbo. Duk wanda ya bi hanyar nan bayan isha'i a shekarun da ake yayin silima ya taɓa ganinsa, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne siriri, a kan wani jan babur mai tari, da gwangwanaye ɗaure a baya da robar taya, yana gudu kamar wanda ya bar tuwo a wuta.

Wani attajiri ne, Alhaji Tajuddeen, yake da gidajen silima uku: ɗaya a Gusau, ɗaya a Tsafe, ɗaya a Bungudu. Dukkansu ba rufi. Katanga ce ta kewaye fili, ga farin bango a gaba, ga bencina, ga ɗan ɗakin majigi a baya, sama kuwa taurari. Alhaji mutumin kirki ne, amma ba ya hayar fim biyu daga Kano in ɗaya zai yi. Fim ɗin yana zuwa naɗe cikin faffaɗan gwangwanaye kamar farantan tuwo, sai ya raba su kashi biyu. A fara haskawa a Gusau. Da an zo hutun rabi, Labbo ya kwashi gwangwanayen farko ya sheƙa Tsafe, inda mutane ke zaune suna cin gyaɗa suna zaginsa. Ya sauke, ya juyo Gusau, ya tarar an tashi, ya ɗauki kashi na biyu ya sake komawa. Yana miƙa na biyu, sai ya ɗaure na farko a babur ya nufi gida Furfuri, da safe ya kai su Bungudu, inda ake nuna fim ɗin jiya. Ni nake kwana Tsafe da motata, ni nake dawo da kashi na biyu da safe.

Ka ga aikin ke nan. Mutum ya yi fiye da shekara goma yana ɗaukar fim a bayansa, bai taɓa ganin ƙarshen ko ɗaya ba.

Na sha ce masa, "Kai Labbo, wane irin mutum ne kai? Ka riga ka kawo kaya, ka zauna mana ka ga yadda za ta kaya."

Sai ya ce, "Zakari, Luba ba ta sa sakata sai ta ji ƙarar babur ɗin ga. In na zauna kallo, ita ta zauna jira."

Luba matarsa ce. Ban taɓa jin ya faɗi sunanta bai yi murmushi ba, har nakan tsokane shi in ce ko asiri ta yi masa. Ya ce awo, ta yi masa, da miyar kuka.

Wata kaka na je Furfuri sayen gero, ni da matata Dorcas. Dorcas ta shige cikin gida, ni aka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Matan unguwa sun taru a tsakar gidan suna sussuka, ana ta lugude. Sai na ga Labbo ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofar zaure ta ciki, bayan zana, inda za su ji shi ba su gan shi ba. Ya gyara murya. Taɓare suka yi shiru. Ashe kullum haka ake yi: fim ɗin da aka nuna jiya, shi zai ba su labarinsa yau, tunda matar aure ba ta shiga silima.

Wallahi mutumin nan ya iya baki. Ba ya jin Indiyanci ko kalma ɗaya, kamar dai mu duka, amma yana karanta fuska. Ya yi muryar uwa, ya yi muryar mugu, ya yi kukan doki, in an zo waƙa ya kaɗa gwiwa yana rerawa da wani yare da shi kaɗai ya san shi. Fim ɗin na gan shi a Tsafe daren jiya, kuma komai daidai yake faɗa, ina gyaɗa kai. Har aka zo rabi. Daga nan sai na ji mota ta saki hanya ta shiga gona.

Mugun da na gani da idona ya faɗo daga kan dutse ya mutu, a bakin Labbo ƙafa kawai ya karya. Aka kai shi wajen mai ɗori, ya yi jinya, ya tuba, ya buɗe teburin kananzir. Rigimar gidaje biyu da aka ƙare da bindiga, shi a wajensa dattawa ne suka zauna gindin tsamiya aka raba goro. Jarumi ya auri yarinya, surukinsa ya ba shi shanun huɗa. Mata suka ɗauki guɗa. Ni kuwa na cusa hula a baki don kada dariya ta tona mana asiri.

Da muka fito na ce, "Labbo, ka ji tsoron Allah! Shanun huɗa a ina?"

Ya ja ni gefe. "Rufa mini asiri, Zakari. Mi kaka so in ce musu? Ban gani ba? Ranar farko na ce ma Luba iyakar abin da na gani ke nan, ta kwana tana tunanin yarinyar da anka sace. Da sahe na ce na tambayo, an same ta lahiya lau. Ka ga yadda ta yi murna? To daga ranar ban sake barin kowa a daji ba."

"Amma duk fim sai an ba da shanu?"

"To mi za a ba mutum da ya wuce shanu?"

Na rufa masa asiri, amma ban fasa tsokanarsa ba. In mun haɗu a ƙofar silimar Tsafe yana kwance gwangwanaye, sai in ce, "Na yau shanu nawa za ka bayar?" Ya ce, "Sai na ga halin yaron."

A cikin duk labaran, akwai wanda matan Furfuri suka fi so, suna kiransa Mai Fito. Wani saurayi ne matalauci mai fito da mutane a kwalekwale, yana son 'yar wani mai gonar rake, uban ya hana don yaron ba shi da komai. Daidai hutun rabi ruwa ya yi ambaliya, ya tafi da uban, saurayin ya yi tsalle ya faɗa kogi. Nan Labbo ya tsaya gani. A nasa ƙarshen, yaron ya fito da tsohon a kafaɗa, tsohon ya ji kunya ya aika da goro da kansa, aka yi biki na mako guda, ga shanu, ga gona a bakin fadama. In mace ta haihu a unguwar, ko an yi rashi ana son a ɗebe wa mutane kewa, sai a ce Labbo ya maimaita Mai Fito.

Aka shiga shekarar casa'in da tara. Gidajen bidiyo sun riga sun cinye rabin kasuwa, ga kuma magana ta cika gari cewa za a rufe silima a jihar. Bayan an yanke gero Alhaji ya tara ma'aikatansa ya ce shi ya gama, ƙarshen wata zai sa kwaɗo, ya mai da filayen wurin ajiye hatsi. Ban damu da Labbo ba. Yana da gona, yana da babur, kabu-kabu kawai zai shiga. Shi ya sa na yi mamaki da na gan shi a tasha da hantsi, fuska kamar an aiko masa da sammaci.

"Zakari, na shiga uku."

"Wa ya mutu?"

"Luba ta ce tana son ta ga Mai Fito da idonta kahin a ruhe."

Na fashe da dariya har sai da na riƙe ƙofar mota. Shi ko gezau. Ya ce tunda ya aure ta ba ta taɓa cewa saya mini zane ko ɗankunne ba, wannan ne roƙonta na farko, da wane baki zai ce a'a? Ya dai gwada kaucewa, ya ce mata ai matar aure ba ta taka silima. Ashe mahaifiyarsa na jin su. Iya ake ce mata, tsohuwa ce ƙarama mai goro a kunci, wadda ko mai gari ba ya ja da ita. Iya ta ce, "An ce kada mace ta taka silima. To wa ya ce ta taka? Abokinka ba shi da mota? Ya ɗauke mu daga ƙohwar gida, ya shiga da mu, mu yi kallo ta taga, ya maido mu. Ƙahwar wa ta taɓa ƙasa?"

Kafin Labbo ya farga, Iya ta bi gida gida ta karɓo izinin mazaje. Ta aika wa Alhaji da kaji biyu, Alhaji ya yi dariya ya ce an ba su silimar Bungudu dare guda, ba namijin da zai shiga sai masu aiki. Gwangwanayen Mai Fito ma suna nan a sitonsa, ya saye su tuntuni don arha.

Labbo ya kama hannuna. "Kai ka gani har ƙarshe. Hwaɗa mini gaskiya, ya anka ƙare?"

Na ce, "Ya fito da tsohon."

"Alhamdu lillahi!"

"Ya tura shi gaɓa, shi kuma ruwa ya tafi da shi. Gawarsa aka tsinta."

Ya zauna a kan tayar da ke gefe. Dariyar ta tsaya mini, don na ga idonsa ya kawo ruwa, kuma ba don yaron fim ba. Ya ce, "Shekara da shekaru tana gaskata ni. In ta gane ƙarya nika shirga mata, a gaban matan gari duka, da wane ido za ni dube ta? Ita kuma da wane ido za ta dubi mata?"

Ya roƙe ni in ce mota ta lalace a hanya. Na ce duk abin da zai nema ya nema, ban da wannan. Motata ba ta taɓa kwana a hanya ba, ba kuma za a fara yi da ni a Furfuri ba. Sai ya tafi wajen Abdu, mai kunna majigi a Bungudu, suka ƙulla: bayan hutun rabi Abdu zai riƙa leƙowa ta tagar ɗakinsa, da ya ga Labbo ya cire hula sai ya kashe janareta a ce inji ya ƙone. Na ce wannan tsakaninku.

Ranar na wanke kiya-kiya har taya. Ana sallame magariba na tsaya ƙofar gidan Labbo. Jama'a, ban taɓa ɗaukar fasinja irin na ranar ba. Kowace ta ci kwalliya kamar za a kai amarya, turare ya cika mota, ga ƙullin dafaffiyar gyaɗa, ga rake, ga kwanon dambu. Iya ta zauna bayana daidai kunnena tana ba ni umarni kamar ita ta koya mini tuƙi. Dorcas ma ta biyo mu, ta ce ba za a yi wannan babu ita ba. Labbo yana gaba a babur da gwangwanaye, yana tafiya kamar mai rakiyar gawa.

Abdu ya buɗe babbar ƙofar da ake shigar da janareta, na kutsa, bencina duk an jawo su gefe. Na gicciya motar a gaban farin bango yadda tagogi za su fuskance shi. Aka yi ta musayar wuri, dogaye baya, gajeru gaba. Hasken majigi ya faɗa bango, fuskar mutum ta fito ta fi ƙofar zaure girma, sai motar ta ɗauki salati gaba ɗaya. Wata maƙwabciyar Luba mai suna Suwaiba ta rufe ido ta ce a fitar da ita, bayan ɗan lokaci kuma ita ce mai cewa a matsa mata ba ta gani.

Rabin farko daɗi kamar me. Sun san labarin fiye da masu yin sa. Kafin uban yarinya ya buɗe baki sun riga sun faɗi abin da zai ce. "Ga shi nan zai jefar da kwandon!" Ya jefar. "Yanzu za ta leƙo ta taga!" Ta leƙo. Iya ta riƙa dukan kujerata tana cewa, "Ɗana bai rage komi ba!" Ruwa ya zo, ya tafi da tsoho, saurayi ya yi tsalle, bango ya yi fari. Hutun rabi.

Lokacin isha'i ya yi. Suwaiba ta kama ƙofa za ta sauka, Iya ta daka mata tsawa: "Ke! Ina za ki sa ƙahwa?" Dole na ja da baya na fita da su waje, suka sauka a filin bayan katanga suka yi alwala suka yi salla, ni da Dorcas muna gadin dambu, sannan na sake shigowa da su.

Labbo yana tsaye can gefe kusa da babur, hannu a kan hula. Sai Luba ta leƙo ta taga ta kira shi.

"Malam."

Ya zo.

"Ba ni makullin babur."

Ya miƙa mata, bai san dalili ba. Ta ƙulle shi a haɓar zanenta. "Shiga gaba ka zauna kusa da abokinka. Yau ba inda za ka."

Ya shigo ya zauna. Abdu ya kunna kashi na biyu. Na ga Labbo ya kai hannu hula. Sai kogi ya cika bango, ga yaron yana kokawa da ruwa, ga tsoho yana nutsewa yana tasowa. Hannun ya tsaya a kan hular. Na waiga na ga kan Abdu a taga yana jira. Labbo kuwa baki buɗe, ya tafi. Mutumin da bai taɓa ganin abin da ke bayan hutun rabi ba, yau ga shi a gabansa, ya manta da Abdu, ya manta da janareta, har yana cewa, "Riƙe shi! Riƙe reshen, yaro!" Na zungure shi da gwiwar hannu, ya ture ni.

Yaron ya tura tsoho gaɓa. Mata suka fara guɗa. Ruwa ya juyo ya tafi da shi, guɗar ta yanke a tsakiya. Aka nuna kwalekwale yana yawo ba kowa, aka nuna yarinya da fararen kaya a bakin kogi. Rubutu ya hau bango. Abdu bai kashe fitilar majigi ba, farin haske kawai ya rage.

Mata suka shiga jan hanci. Can Suwaiba ta ce, "Wannan ba shi ba ne." Wata ta ce, "Ina bikin? Ina shanun?" Iya ta ce mutanen Kano ne suka yi wa Alhaji coge, suka aiko da gwangwanin banza. Labbo ya sunkuyar da kai, sai yanzu ya cire hular, yana murɗa ta a hannu. Ya waiwaya a hankali.

"Luba, ni dai..."

Ta matso kusa da kujerarsa. A hankali ta yi magana, amma ni direba ne, kunnena na baya.

"Malam, na sani tun tuni. Indiya duka ba su da wata kyauta sai shanun huɗa? Kuma wanda ya tsaya ganin ƙarshe a Tsahe ba ya isowa gida lokacin da kaka isowa."

Labbo ya ɗago ido ya dube ta.

"Ba don ni na roƙa ba," in ji ta. "Kullum kana yanke kallo don kada in daɗe ina jira. Na ce kahin a ruhe, kai ma ka zauna ka ga ƙarshe ko sau ɗaya, ni ina kusa."

Ni da nake tsokanar mutumin nan shekara da shekaru, wallahi sai da na juya fuska waje na share ido. Labbo ya dubi farin bangon. Sannan ya ce, "To na gani. Ashe ban yi asarar komi ba."

Luba ta yi dariya da hawaye a fuska, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Iya, masu fim sun ɓata shi. A sa Malam ya gyara muna."

Iya ta ce, "Tashi, Labbo! Hita ka hwaɗe shi yadda ya kamata. Ba za mu koma gida da gawa ba."

Ya fita. Ya tsaya a gaban motar cikin hasken majigi, inuwarsa ta hau bango, doguwa har sama, hannuwa kamar rassan kuka. Karo na farko ke nan da matan suka ga mai ba su labari yana yi, ba ta bayan zana ba. Ya fara daga inda yaron ya faɗa ruwa. Ya yi iyo da hannu, inuwa ta yi iyo. Ya saɓa tsoho a kafaɗa ya fito da shi. Ya yi muryar tsohon yana jin kunya, ya aika da goro. Da aka zo biki ya kama rawa, dogon mutum kamar sandar rake, Abdu yana buga masa gwangwanin fim daga taga. Ya zo kan shanu sai ya tsaya ya dubi mota.

"Nawa za a ba shi?"

Mata suka haɗa baki: "Huɗu!"

"An ba shi huɗu!"

Guɗa ta tashi har motar na girgiza. Dorcas na yi, Iya na yi da goro a baki, ni kuma na danne oda ban saki ba sai da Abdu ya leƙo ya ce zan tara musu gari.

Da aka kashe majigi Labbo ya zo taga, yana haki, gumi ya jiƙa masa riga. Luba ta kwance haɓar zanenta ta miƙa masa makulli.

"Ga shi, Malam. Yi gaba a hankali, muna bayanka. Yau tare za mu isa gida, ba mai jiran wani."